Yadda zaka gane tsauni na shirin zaftarowa lokacin ruwan monsun, da abin yi kafin ya sauko

Wani watan Agusta muna cikin bas tsakanin Mandi da Kullu a arewacin Indiya, dutse a gefe ɗaya kamar bango, kogin Beas a can ƙasa ta ɗaya gefen ruwansa ya koma kamar kunun kanwa, kawai sai direba ya taka birki ya kashe mota. Ba wani ruwan kirki ake ba lokacin, yayyafi ne. Fasinjoji suka fara mita, shi kuwa bai ce uffan ba, hannu kawai ya miƙa yana nuna gaba. 'Yan tsakuwoyi ne suke gangarowa kan kwalta, ɗai-ɗai, kamar wani yaro ne a sama yake watso su. Ba a yi minti goma ba gefen dutsen ya sauko gaba ɗaya da itatuwansa a tsaye, ya rufe hanyar ruf. Ƙarar a ƙirji na ji ta kafin kunne, sai warin ɗanyar ƙasa ya cika motar. Babu wanda ya sake magana, muka juya muka kwana a Mandi.

Ni ɗan fili ne, inda na taso mun san ambaliya, mun san katangar ƙasa ta jiƙa ta zube a tsakiyar damina, amma a ce ƙasar da kake takawa ita ce zata tashi ta yi tafiya da gidaje da gonaki, wannan bamu san shi ba. Kuma yanzu 'yan'uwanmu da yawa suna Indiya, wasu karatu wasu jinya wasu kasuwanci, hutu na zuwa sai a ce mu je Manali ko Shimla ko Munnar mu sha iska, alhali hutun ya faɗo daidai lokacin da dutsen ya fi haɗari. Ga kuma namu na gida da ke kan tsaunin Mambilla, da waɗanda ke Bamenda da Bafoussam a Kamaru. Don su nake wannan rubutun, dan Allah a karanta har ƙarshe.

Bari mu fara da fahimtar abin, don in ka gane yadda yake faruwa sauran duk zasu zo maka da sauƙi. Monsun iska ce mai ɗauke da damshi da take tasowa daga teku ta shigo tudu, kalmar ma daga Larabci take, mausim, wato lokaci. A Indiya tana sauka jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, ta yi ta hawa arewa har ta mamaye ƙasar, ta janye a Satumba, kuma cikin wannan wata huɗun ake samun kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan shekara gaba ɗaya. Tamu daminar ma irin wannan ce, iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika ita ke kawo mana ruwa. Bambancin shi ne in iskar ta ci karo da tsauni dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye ruwan da ta ɗauko a wuri ɗaya. Shi ya sa garuruwa irin su Mawsynram da Cherrapunji a arewa maso gabashin Indiya suke samun sama da milimita 11,000 a shekara.

Toh ƙasar da ke kan gangare zaune take a kan dutse kamar yaɓe a jikin bango, abin da ke riƙe ta shi ne yadda ƙwayoyinta suka cije da juna da kuma saiwoyin itatuwa. In ruwa ya yi ta shiga ciki kwana da kwanaki abu biyu ke faruwa: ƙasar ta yi nauyi, sannan ruwan da ya cika 'yan ramukan cikinta ya riƙa tura ƙwayoyin yana raba su, cizon ya saki. Ranar da nauyi ya fi ƙarfin riƙo shikenan sai ta sulɓe. Kaga kenan ba ruwan yau kaɗai ke kawo ta ba, na jiya da shekaranjiya da na makon da ya wuce duk suna cikin lissafi. Wannan ka riƙe shi da kyau, don yawancin mutane a nan suke kuskure, suna duba sama su ga ruwa ya tsagaita su ce ai an wuce wurin.

Mataki na farko, ka koyi ƙirga ruwa. In kana Indiya ka sauke manhajar Mausam ta hukumar hasashen yanayi IMD, da Sachet ta hukumar kula da bala'o'i, suna turo gargaɗi gunduma-gunduma da launi. Launin ruwan ɗorawa yana nufin ana sa ran ruwa mai ƙarfi, daga milimita 64.5 zuwa 115.5 cikin awa 24. Ruwan lemo daga 115.6 zuwa 204.4. Ja kuma abin da ya haura haka. Ni dai a nawa ganin baƙo bashi da abin yi a kan dutse daga gargaɗi mai launin ruwan lemo zuwa sama, ko ka biya kuɗin otal ka haƙura da su. A Najeriya NiMet ce ke fitar da hasashe, a bi ta a rediyo ko a waya.

Amma hasashe na gunduma ne gaba ɗaya, shi kuwa dutse kowane kwari da nasa ruwan, don haka wanda yake zaune a wurin ya kamata ya auna nasa da kansa, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Ka samu gwangwani mai tsawo wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ba bokiti ba don shi bakinsa ya fi gindinsa faɗi zai baka lissafin ƙarya. Ka ajiye shi a fili nesa da indararo da inuwar itace, ka tokare shi da duwatsu kar iska ta kayar. Kullum da safe lokaci ɗaya, misali bayan an fito sallar asuba gari ya waye, ka tsoma rula ka ga zurfin ruwan, ka rubuta a littafi, ka zubar. Santimita 1 shi ne milimita 10. Sai ka riƙa haɗa na kwana uku-uku. In ka ga an yi kwanaki ana ruwa sannan rana ɗaya gwangwaninka ya tara santimita 10 ko fiye, toh ranar ba ranar kwana a gindin gangare bace.

Don ka ji nauyin abin a jikinka, milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. A gundumar Wayanad ta Kerala, kafin abin da ya faru ranar 30 ga Yuli 2024, milimita 572 aka zuba cikin awa 48. Wato kusan jarka 23 mai lita 25 a kan wuri kamar 'yar ƙaramar tabarma, haka ko'ina a kan tsaunin. Ya fi rabin abin da Kano ke samu a shekara guda, a kwana biyu. Cikin dare dutsen ya sauko kan ƙauyukan Mundakkai da Chooralmala, sama da mutum 200 suka rasu, an riƙa tsintar gawarwaki a kogin Chaliyar kilomita masu yawa daga garin.

Na biyu, kafin ka ajiye jaka a ko'ina, ka fita ka kalli inda zaka kwana. Otal ne ko gidan haya ko gidan ɗan'uwa, ka zaga bayan ginin ka ɗaga kai. Me ke sama da kai? In gangare ne mai tsayi kuma an yanke gindinsa an yi fili an dasa ginin, ƙasar da aka yanka tana nan tsaye ja-wur babu abin da ya tokare ta, wannan wurin ba na damina bane. In ginin yana can bakin gaɓa a kan ƙasar ciko, shi ma haka, ciko shi ke fara tafiya.

Sai wanda mutane suka fi raina wa, wato bakin kwari. Zaka ga 'yar ƙorama tana fitowa daga tsakanin tsaunuka biyu, ruwanta garai-garai ko gwiwa bai kai ba, a bakinta akwai fili mai kyau shimfiɗaɗɗe, kuma masu otal suna son irin wurin nan don baƙi na son jin ƙarar ruwa. Ka duba filin da kyau. In ka ga manyan duwatsu kamar ɗaki a warwatse a cikinsa, ka tambayi kanka wa ya kawo su, don wannan 'yar ƙoramar bata iya motsa su ba. Taɓo ne ya taɓa saukowa da su, filin ma shi ya shimfiɗa shi, kuma hanyar da ya bi jiya ita zai bi gobe. Mutanen Chooralmala da yawa ba a gindin dutsen da ya tsage suke ba, suna da nisan kilomitoci da shi, rafi ne ya zama titin da taɓo da duwatsu da gungumen itatuwa suka biyo har cikin ɗakunansu.

Ka kuma karanta jikin tsaunin. Wurin da ya taɓa zaftarewa yana barin tabo, wani lotsawa kamar an ɗebe da ludayi, itatuwan wurin ƙanana ne ba kamar na kewaye ba. Itatuwan da gindinsu ya lanƙwashe kamar ƙugiya kafin su miƙe sama suna gaya maka ƙasar tana jan ciki a hankali shekara da shekaru. Sannan ka tambayi tsofaffin garin, ba mai otal ba, mai shayi ko dattijon da ke zaune bakin hanya, ka ce baba ina ne ƙasa ta taɓa saukowa a nan? Wallahi zasu nuna maka da yatsa har su gaya maka shekarar. In akwai zaɓi ka ɗauki ɗakin bene na sama, ta gefen da baya kallon gangaren.

Na uku, alamomin da dutse ke bayarwa in ya kusa. Ba kullum yake bayarwa ba, gaskiya ce dole a faɗa, amma sau da yawa yana yi, mu ne bamu iya karatun ba. Ƙofa ko taga da take rufuwa lafiya yau ta cije sai an sa kafaɗa. Sabuwar tsaga a bango ko a daɓe ko a kwalta. Turken wutar lantarki ko shinge ko itace ya karkata, wayar wuta ta yi tauri ko ta saki. Bututun ruwa ya fashe ba dalili. Ruwa ya fara ɓuɓɓugowa a wurin da ba a taɓa ganin idon ruwa ba, ko gindin gangare ya kumbura kamar ciki. Tsakuwa tana gangarowa ita kaɗai kamar wacce direbanmu ya gani. Mafi muni a cikinsu ita ce doguwar tsaga a ƙasa can sama da gidaje, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, gefe ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗayan. Wannan bakin yankan kenan, daga nan zata rabu.

In ka ga tsaga ga yadda zaka san ko tana tafiya. Ka kafa turke biyu, ɗaya a wannan gefen ɗaya a wancan, ka buga ƙusa a kan kowanne, ka auna tsakanin ƙusoshin da tef ka rubuta da lokaci. Ka sake aunawa da yamma, ka sake da safe. In ta bango ce ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ko ka shafa siminti siriri a kanta ka ga ko zai sake darewa. In tana buɗewa, matsala. In buɗewar yau ta fi ta jiya, wato tana ƙara sauri, toh awo ya ƙare, kar ka sake hawa wurin, a kwashe mutane a sanar da hukuma. Kuma kar a tura yara yin wannan aikin, kar a hau ana tsaka da ruwa.

Rafi ma yana magana, kuma ruwa baya tsami banza. In ruwan da ka sani fari ya rikiɗe ya zama taɓo farat ɗaya yana ɗauke da ɗanyun rassa, ƙasa ta zube a sama. In kuma ana ruwa kamar da bakin ƙwarya amma ka ga rafi ya ja baya ko ya ƙafe, wannan ya fi komai ban tsoro, wani abu ne ya toshe shi a sama yana tara ruwa, kuma zai ɓalle. Kar ka tsaya kallo, kar ka ɗauko waya ka ce zaka yi bidiyo, ka bar bakin rafin ka hau tudu kana kiran mutane.

Na huɗu, kuma shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya: ka tashi da rana, kar ka bari dare ya same ka kana shawara. Duba lokutan da waɗannan abubuwan suka faru. Wayanad tsakar dare ne zuwa asuba. Ƙauyen Malin kusa da Pune a Indiya, 30 ga Yuli 2014, da sassafe mutane na barci, mutum 151 suka rasu. Unguwar Gouache a Bafoussam, ƙarshen Oktoba 2019, da dare, sama da mutum 40 suka rasu. Freetown a Saliyo, 14 ga Agusta 2017, da sanyin safiya bayan kwanaki ana ruwa gefen tsaunin Sugar Loaf ya sauko kan unguwar Regent, waɗanda suka rasu da waɗanda suka ɓace 1,141. Ba wai dutse ya fi son dare bane, a'a, da dare ne kowa yake cikin ɗaki a kwance, babu mai ganin tsaga babu mai ganin rafi ya canza, ƙarar ruwa a kan kwano ta rufe duk wata ƙara.

Don haka tun kafin damina ta kankama ku zauna da iyali da maƙwabta ku yanke magana uku. Ina zamu je, kuma ya zama wuri ne a kan doron tudu mai faɗi nesa da gangare da rafi, makaranta ko masallaci ko gidan dangi. Ta wace hanya, kuma hanyar kar ta zama sai an tsallaka gada ko kwalbati, don gada ce ke fara tafiya, a Chooralmala da gadar ta tafi mutanen Mundakkai sun yanke daga duniya sai da sojoji suka kafa ta ƙarfe. Sannan me zamu gani mu tashi ba tare da gardama ba, misali jan gargaɗi, ko gwangwani ya kai kaza, ko tsaga ta motsa. A raba aiki, wane zai ɗauki tsohuwa, wane zai riƙe yara, wa zai kwance dabbobi. A yi magana da liman a kan lasifikar masallaci, a yarda da kalmar da in an ji ta kowa ya fito.

Jaka ɗaya ta zauna a bakin ƙofa duk damina. Fasfo da takardun makaranta da na asibiti a cikin leda biyu a ɗaure, magungunan da wani ke sha kullum, tocila, fawa banki a cike, usur, rigar ruwa, ruwan sha, ɗan abin ci da baya lalacewa kamar dabino da biskit, da tsabar kuɗi don in wuta da sabis suka ɗauke kati bashi da amfani. Takalmi mai rufi a ajiye kusa da gado, silifas taɓo ke cinyewa a taku biyu. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce, a Najeriya ma 112.

Na san abin da ke hana mutane tashi, ba wauta bace. Wani tsoron ɓarayi yake, wani shanunsa, wani kunyar ya kwana a gidan mutane sannan gari ya waye babu abin da ya faru a yi masa dariya. Wani kuma ya ce ai in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne rai a hannun Allah yake, amma an ce mana ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ka tashi sau biyar a banza ba komai bane, asarar barcin dare biyar ce. In kuma dole ta sa kun kwana, toh a bar ɗakin da ke jikin gangare, a koma na gaba ko na sama, kuma mutum ɗaya ya zauna ido biyu, a riƙa karɓa-karɓa har gari ya waye.

Matafiya, ku naku mai sauƙi ne in zaku ji. Kar ku hau motar dare a hanyar dutse daga Yuni zuwa Satumba, duk arharta. Ranar 12 ga Yuli 2024 wajen ƙarfe uku da rabi na dare a Simaltal ta Nepal, kan hanyar Narayanghat zuwa Mugling, zaftarewar ƙasa ta ture bas biyu cikin kogin Trishuli da mutum sama da 60, uku ne kawai suka tsira. Ku tashi da safe, ku tambayi direbobin da suka sauko halin hanya don sun fi manhaja sanin abin da ke ciki, ku bar kwana ɗaya ko biyu a tsakanin saukowarku da ranar jirginku. In ka ga duwatsu sabbi a kan kwalta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kar a tsaya a ƙarƙashin wurin, ko dai a tsaya can baya ko in an riga an shiga kuma hanya a buɗe take a wuce ba tsayawa. In an tare hanya ana jiran katafila, ka leƙa ka ga inda motarku ta tsaya, in ƙarƙashin yankakken dutse ne ko kan kwalbatin rafi ku roƙi direba ya matsa. Kuma kar ka matsa wa direba ya wuce in ya ce a'a. Masu hawa Mambilla daga Mayo Selbe da manyan motoci a watan Agusta da Satumba, ku ma wannan maganar taku ce.

In kuma abin ya zo kana wurin fa? Zaka ji rugugi kamar tirela da yawa sun taho tare, ko ƙarar itatuwa na karyewa da duwatsu na gwaruwa, ƙasa na rawa. Kar ka gudu gangare a gabansa, taɓon ya fi ka gudu nesa ba kusa ba. Ka yanke gefe, ka fita daga hanyarsa, ka nufi tudu. Kar ka koma ɗaukar komai. In kana cikin gini kuma babu halin fita ka hau sama, ka nisanci bangon da ke kallon dutse, in ya riske ka ka dunƙule ka rufe kanka da hannuwa. In ka tsinci kanka a binne ka yi ƙoƙarin buɗe wa fuskarka wurin numfashi, ka riƙa busa usur ko buga wani abu, ihu yana cinye ƙarfi da iska.

Masu gida a kan gangare, ku aikinku na rani ne, kuma kusan duk aikin ruwa ne, a hana shi nutsewa cikin gangaren. A haƙa lambatu a sama da gida da zai tare ruwan da ke gangarowa ya kai shi gefe zuwa magudanar asali, a shafe cikinsa da siminti ko a jera dutse, don lambatun da ke yoyo gara babu shi. Ruwan indararo da na wanka da wanke-wanke kar a sake shi a jikin gangare, a sa masa bututu har ƙasa. Ramin shadda kar a haƙa shi a bakin gaɓa. In zaka gina katangar tokare ƙasa ka bar mata 'yan ramukan fitar ruwa a jiki, ka zuba tsakuwa a bayanta, katangar bulo da aka toshe ruf madatsa ce kawai ka gina a bayan ɗakinka. A Nepal da Indiya zaka ga kwandunan waya cike da duwatsu an jera su bakin hanya, sun fi dacewa da talaka don ruwa na wucewa ta cikinsu kuma ko ƙasa ta motsa basa karyewa. A dasa jema layi-layi a kwance bisa gangaren, saiwarta na nutsawa sosai tana ɗinke ƙasa, gora ma tana taimakawa. Amma kar a ruɗi kai, shuka tana riƙe ƙasar sama ce, bata hana babbar zaftarewa mai zurfi. Abin da ya fi komai, kar ka yanke gindin gangare don ƙara ɗaki ko ɗibar ƙasar bulo, kuma in maƙwabcinka na ƙasa yana yi ka je ka same shi da mai unguwa, don gidanka yake haƙewa.

Saura bayan ta faru, kuma a nan ne masu zuciyar taimako suke halaka. A yankin Gofa na kudancin Habasha, Yulin 2024, ƙasa ta zaftare ta binne wasu mutane, jama'ar gari suka fito da shebur da hannu suna tono, sai ta biyu ta sauko a kansu. Sama da mutum 200 suka rasu, da yawansu masu ceto ne. Ba cewa nake kar a ceci mutane ba, wa zai iya tsayawa yana jin muryar ɗan'uwansa a ƙarƙashin ƙasa. Amma a yi da tsari. A sa mutum ɗaya mai usur a wuri mai aminci, aikinsa kawai kallon saman dutsen, in ya busa kowa ya watse ta hanyar da aka riga aka nuna. A shiga ta gefe ba ta ƙarƙashin inda ya tsage ba. Masu tono su zama kaɗan, 'yan kallo da yara a mayar da su nesa. Lokaci-lokaci a yi tsit gaba ɗaya a saurara. A kula da wayoyin wuta da suka faɗi, kuma wanda aka zaro kar a ja shi da ƙarfi ko a naɗe shi, a ɗora shi a kan ƙyaure ko katako a miƙe saboda ƙashin baya.

Waɗanda ke ƙasa da wurin a bakin kogi su ma su tashi ko da ko tsakuwa bata taɓa su ba. Ranar 2 ga Agusta 2014 a Jure ta Nepal dutse ya sauko ya kashe mutum 156, ya kuma toshe kogin Sunkoshi ya zama tafki, sai da sojoji suka yi ta fasa masa hanya a hankali, har a can jihar Bihar ta Indiya sai da aka riƙa kwashe mutane daga bakin kogi don tsoron ɓallewarsa. Ruwan rijiya da na famfo a tafasa kafin a sha don bututu da shadda duk sun haɗe. Gidan da ya tsira a gefen wurin kuma kar a koma kwana cikinsa don an ga rana ta fito kwana biyu, a jira injiniyoyin hukuma su duba, a mayar da turakun awo a kan duk tsagar da ta rage a sama, a ci gaba da aunawa safe da yamma har ruwa ya ɗauke.